Babi na Bakwai: Idan Aka Fesa Wa Mota Fenti a Inda Aka Ajiye Ta

Da yawa daga cikin gidajen birnin Kano, musamman a unguwanni irin su Yakasai da Ƙoƙi da Gwammaja, suna cikin lungunan da mota ba ta iya shiga, saboda haka masu motoci kan bar su a bakin titi ko a filin makaranta ko a gidan mai har gari ya waye. Haka nan 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari sukan ajiye mota tun safe, ba su sake ganinta sai yamma. A irin wannan hali ne wani lokaci mutum kan tarar an fesa wa motarsa fentin gwangwani, ko an karce ta da ƙusa, ko an fasa madubi, ko an yanka taya. Wannan darasi zai fi mayar da hankali kan fentin, domin shi ne ɓarnar da mai mota yake iya gyarawa da hannunsa, kuma shi ne wanda gaggawa take ƙara lalatawa.

Kafin a taɓa motar

Duk wanda ya ga an yi wa dukiyarsa haka ransa zai ɓaci, kuma abin da zuciya take fara raya masa shi ne ya ɗauko tsumma da fetur ya hau gogewa. Ya kamata ya dakata tukuna, ya ɗauki hoton motar da waya daga nesa yadda lambarta da wurin da take za su fito, sannan ya matso ya ɗauki kowane tabo daga kusa. Bayan haka sai ya rubuta ranar da abin ya faru, da lokacin da ya ajiye motar, da lokacin da ya dawo, da sunan titi ko lungun. A nan ne iya rubutu yake da amfani sosai, domin abin da aka rubuta nan take ya fi abin da za a tuno bayan kwana uku ƙarfi a gaban hukuma. Lambar mota a Najeriya tana farawa da haruffa uku na ƙaramar hukumar da aka yi rajista, kamar KMC ko DAL ko FGE, sai lambobi uku, sai haruffa biyu, kuma wajibi ne a kwafe ta daidai.

Sannan a zagaya motar a duba tayoyi da gilasai da murfin tankin mai. Idan aka ga alamar an buɗe murfin tankin, kada a tayar da injin sai bakanike ya duba, domin yashi ko ruwan da aka zuba a ciki yana iya isa ga famfon mai ya jawo asarar da ta fi ta fenti nesa ba kusa ba.

Lalata dukiyar wani da gangan laifi ne a dokar ƙasa, saboda haka mai mota yana da haƙƙin kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, kuma yana da kyau ya sanar da mai unguwa da 'yan sintirin yankin. A tambayi maigadi da mai shayi da masu shagunan da ke kusa, a kuma duba ko akwai gida ko gidan mai da ya saka kyamara. Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne a kama yaro ko almajirin da aka gani a wurin a hau dukansa bisa zato. Sau da yawa wanda aka tarar a tsaye ba shi ne ya yi ba, kuma wanda ya ɗauki doka a hannunsa yakan koma shi ne mai laifi.

Game da inshora, wadda yawancin mutane suke yanka ita ce ta wajibi, wadda tun watan Janairun 2023 kuɗinta ya koma naira 15,000 a shekara ga motar gida. Wannan tana biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani ne kawai, ba ta biyan wadda aka yi wa taka. Mai cikakkiyar inshora shi ne zai iya neman a biya shi, kuma shi ma sai ya sanar da kamfanin da wuri, ya nuna hotuna da rahoton 'yan sanda kafin ya fara gyara.

Yadda fentin mota yake

Fentin da mota take zuwa da shi daga kamfani hawa-hawa ne. Akwai shafin farko da yake kama ƙarfe ya hana tsatsa, sai launin motar, sai kuma wani shafi na sama marar launi mai sheƙi, wanda masu fenti suke kira kiliya. Wannan shafi na sama yana kare launin kamar yadda leda take kare katin shaida. Fentin da maɓarnaci ya fesa yana zaune ne a kan kiliyar, bai shiga cikin launin ba, kuma bai kai na kamfani ƙarfi ba, tun da na kamfani an gasa shi da zafi. Aikin mai gogewa duka shi ne ya cire na sama ba tare da ya cinye na ƙasa ba, alhali kaurin kiliyar bai kai na takarda ba.

Sai dai motoci da yawa a Kano an taɓa sake musu fenti a gareji, wasu kuma, kamar a-daidaita-sahu da tsofaffin motocin haya, launi ne kawai aka fesa musu babu kiliya. Irin waɗannan sun fi saurin narkewa idan sinadari ya taɓa su, don haka masu su ne suka fi buƙatar taka-tsantsan.

Lokaci ma yana da tasiri. Fentin gwangwani yakan bushe a sama cikin mintuna kaɗan, amma yana ɗaukar kwana ɗaya ko fiye kafin ya yi tauri sosai, kuma zafin rana yana hanzarta wannan. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, motar da ta yini a rana fentin zai kama ta ƙwarai. Da zarar an gama ɗaukar hoto, a mayar da ita inuwa.

Gogewa

A fara da abu mafi sauƙi, sai idan bai yi ba a matsa zuwa wanda ya fi shi ƙarfi. Da farko a wanke wurin da ruwa mai yawa domin a kawar da ƙura, musamman lokacin hunturu, saboda ƙurar da aka murza da tsumma ita kanta tana karce mota. Daga nan a haɗa ruwan ɗumi da sabulun ruwa na wanke mota, a jiƙa tsumma mai laushi, a riƙa shafawa a hankali. Idan fentin bai daɗe ba, ko kuma motar tana da folish a jikinta tun da farko, wani lokaci wannan kaɗai ya isa.

Idan ya ƙi fita, sai a gwada folish na mota ko kwamfawun, wato man goge jikin mota mai ɗan kaushi, wanda ake samu a shagunan kayan fenti da kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa. Ana ɗiga kaɗan a tsumma, a murza a zagaye a kan wurin da bai wuce tafin hannu ba, a goge, a duba, sannan a ci gaba. Ana juya tsumman zuwa gefe mai tsabta a kai a kai don kada a mayar da fentin da aka cire. Aiki ne mai cin lokaci, amma shi ne mafi aminci.

Bayan wannan ne ake zuwa ga masu narkar da fenti, wato kananzir, ko WD-40 (man feshi na kwance tsatsa), ko ruwan goge jan farce. Kafin a yi amfani da kowannensu, a gwada shi a ɓoyayyen wuri kamar bakin ƙofa ta ciki. Kada a zuba shi a jikin motar kai tsaye. A jiƙa gefen tsumma, a shafa na 'yan daƙiƙoƙi, a bi da ruwan sabulu nan take. A riƙa kallon tsumman: idan launin maɓarnacin ne yake fitowa, aiki yana kyau, idan kuwa launin motar ne ya fara bayyana, a tsaya nan take. Tina, wato ruwan da masu fenti suke tsinka fenti da shi, ta fi duka waɗannan ƙarfi, kuma tana iya dusashe kiliya ko ta ɗaga fentin gareji baki ɗaya, saboda haka a bar ta ga mai fenti. Fetur kuwa haɗarinsa na gobara ya isa dalilin barinsa. Duk waɗannan abubuwa a yi aiki da su a sarari, jikin motar da sanyi, nesa da murhu da janareto da mai shan taba, a kuma saka safar hannu.

Kada a kusanci jikin motar da soson ƙarfe ko wuƙa ko takardar gurza. Gilashi ne kawai yake jure sabuwar reza, idan an jiƙa shi da ruwan sabulu an kuma kwantar da rezar ana turawa a hankali, amma ban da gefen ciki da aka manna wa baƙar leda. Fitilun gaba na motocin zamani roba ce, kuma tina da ruwan goge jan farce suna sa ta yin hazo har abada, don haka su folish kawai za a yi musu. Idan an gama, a sake wanke wurin, a shanya, a shafa folish domin a mayar da kariyar da gogewar ta cire.

Idan fentin ya mamaye ƙofa biyu ko uku, ko ya kwana da yawa, zuwa wurin mai fenti mai injin folish ya fi araha a kan lalata kiliyar da hannu. Karcen ƙusa kuma ana gwada shi da farce: wanda farce bai maƙale a ciki ba kwamfawun yana iya ɓatar da shi, wanda kuwa ya kai ga ƙarfe sai an toshe shi kafin damina, in ba haka ba tsatsa za ta shiga. Tayar da aka yanka a gefe ba ta faci, sai canji.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya ɗauka cewa motar maƙwabcinsa ce aka fesa wa jan fenti da daddare, kuma maƙwabcin bai iya rubutu ba. Ya rubuta masa rahoto na jimla biyar zuwa ga mai unguwa, wanda zai ƙunshi rana da lokaci da wuri da lambar motar da irin ɓarnar da aka yi, ba tare da ya ambaci sunan wanda ake zargi ba. A darasi na gaba kowa zai karanta nasa a gaban aji.