Mayar da injin kafireta zuwa injekta: inda aikin ke lalacewa da yadda ake gyara shi

Abin da aka saba gani a garejin Kano shi ne mota ta zo da injekta, ta fara gardama, makanike ya kwance ya ɗora mata kafireta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafi ya juya, ana samun masu tsofaffin Hiace, Hilux da Corolla suna neman hanyar komawa injekta don rage shan mai. Aikin yana yiwuwa. Sai dai injekta tsari ne guda da ya haɗa tanki, famfo, wayoyi, sansa da kwamfutar da makanikai ke kira birenbos, kuma yawancin motocin da suka ƙi zama bayan juyi birenbos ɗinsu lafiyarsa lau.

Kuskuren farko tun a kasuwa ake yin sa. Mutum ya shiga Ƙofar Ruwa ya tsinci manifol (bututun da ke raba wa silinda iska) a wannan shago, birenbos a wancan, dilko (mai raba wa filogi wuta) a wani, don kowanne ya fi araha. An tsara birenbos ne da girman nozul (bakin da ke fesa mai) da irin sansar injin da ya fito da shi, saboda haka tsince-tsince ba ya haɗuwa. A nemi ɗan'uwan injin da kamfani ya yi da injekta: 22R yana da 22R-E, 4Y yana da 4Y-E, 1RZ yana da 1RZ-E, 4A-F yana da 4A-FE. A kwaso komai daga mota ɗaya: manifol da nozul, bututun da ke raba musu mai da regileta, bakin totur, ma'aunin iska, dilko, kwayil da iginaita, rile, birenbos, da damin wayoyi wanda ba a yanke soket ɗinsa ba. A gwada manifol a jikin kan silinda kafin a biya, domin ba kullum ramukan ke dacewa ba, wani lokacin sai an haɗa da kan. A tambaya ko birenbos na giyar hannu ne ko na otomatik. Wanda ya fito daga mota mai imobilaiza (na'urar hana sata da ke gane mukulli) kuwa ba zai ba da mai ba sai da mukullinsa da zoben da ke karanta shi.

Kafin a kwance ƙusa ɗaya a auna kwamfireshan. Idan bambancin silinda da silinda ya wuce kashi 10 cikin 100, ko inji na shan baƙin mai, a fara da gyaran ringi da bawul. Injekta ba ya warkar da injin da ya gaji.

Layin mai ne ya fi cin mutane. Famfon kafireta na jikin inji yana ba da matsi kusan psi 3 zuwa 6, nozul kuwa yana son psi 36 zuwa 44, wato kusan 2.5 zuwa 3 a ma'aunin "bar". Tsohon tiyo da kilif ɗinsa ba a yi su don wannan ba. Za su riƙe na ɗan lokaci, sannan tiyo ya tsage ya feso fetur a kan salansa mai zafi. Tiyon da ya dace an rubuta SAE 30R9 a jikinsa. Mai 30R7 na kafireta ne, ko da mai shago ya rantse duk ɗaya ne. Ramin tsohon famfon a rufe shi da faranti da gaskit, kar a bar shi a haɗe da layi.

Famfon lantarki ya iya turawa, bai iya zuƙowa daga nesa ba. Masu ɗaure shi a ɗakin inji don sauƙin aiki su ne ke dawowa da kukan famfo yana ƙara, mota tana mutuwa a cunkoso da tsakar rana, musamman a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40, lokacin da mai ke zama tururi a cikin layi. Wurinsa cikin tanki, ko dab da shi a ƙasa da matakin mai. A sa matata mai faɗin ido, maikiron 100, kafin famfo, da ta ƙarfe mai maikiron 10 bayansa. Tankin da ya shekara talatin yana shan man bumburutu a sauke shi a wanke, tsatsar da kafireta ke haƙuri da ita toshe nozul take yi.

Akwai kuma layin dawowa. Regileta tana riƙe matsi ne ta hanyar mayar da rarar mai tanki. In aka toshe wannan layi, ko aka bi da shi ta siririn bututun numfashin tanki, matsi zai hau, hayaƙi ya yi baƙi, filogi ya yi kunkunniya. Sai a ce injekta ya fi kafireta shan mai. Ba shi ba ne. Wata alamar: mota na tafiya daidai da cikakken tanki, amma in mai ya yi ƙasa sai ta shaƙe a shataletale. Kafireta tana da ɗan kofin ajiya a cikinta, injekta ba shi da shi, tankin kafireta kuma ba shi da shingen da ke tare mai a bakin famfo. Maganinsa tankin motar da aka ciro kayan, ko ƙaramin tankin taro na lita 1 zuwa 2 wanda famfo mai ƙaramin matsi ke cikawa.

A ɓangaren rewaya, wato aikin wayoyi, mafi haɗari shi ne haɗa famfo kai tsaye da mukulli. In aka yi hatsari layi ya fashe, famfo zai ci gaba da zuba mai. Dole ya bi ta rilen da ke yankewa da zarar inji ya tsaya, da fiyus mai amfiya 15 zuwa 20. Wutar birenbos kuma a ɗauko ta daga wayar da ke da bolt 12 a lokacin da ake murza sitata. Layin rediyo yana ɗaukewa a daidai wannan lokacin, tsohuwar wayar kwayil mai resista kuma bolt 7 zuwa 9 kawai take kawowa. Negatif ɗin birenbos da na sansa a ɗaure su a jikin inji, wurin da aka kankare fenti, da waya mai kauri tsakanin inji, bodi da batir. Filogi ya zama mai resista, wayar dilko ta nisanci wayoyin filogi. Tsohuwar altaneta mai amfiya 35 ko 40 ta yi kaɗan. A nemi mai 60 ko sama, a ga tana ba da bolt 13.8 zuwa 14.4. Al'adar zare kan batir inji na aiki don gwada caji kuwa a bar ta, haka nan walda da birenbos a haɗe.

Nozul ma a auna shi da mita. Mai om 12 zuwa 16 daban, mai om 2 zuwa 4 daban, na biyun yana bukatar akwatin resistarsa, in ba haka ba ya ƙone birenbos.

Sansar zafin ruwa mai waya biyu ita ce ta birenbos. Mai waya ɗaya ta agogon dashbod ce, ba sa maye gurbin juna. Lafiyayya tana nuna om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko kusan 300 a digiri 80. Nan ne cire tamostat, wanda ya zama ruwan dare a garejinmu, ke jawo asara: muddin inji bai kai zafinsa ba birenbos yana ƙara mai, abin ya fi muni da safiyar hunturu. A mayar da tamostat mai digiri 82, a wanke lagireto in zafi ake tsoro.

Sansar oksijin a dasa ta kusa da inda bututan salansa suka haɗu, gefen wayarta a sama kaɗan don kada ruwa ya kwanta mata. Huda ko tsagewa a gabanta na jawo iska, ta ce wa birenbos mai ya yi kaɗan, shi kuma ya ƙara. A ɓangaren shaƙar iska, duk tiyon bakyum da aka bari a buɗe zai ɓata silo, wato gudun inji idan ba a taka totur ba: a tsari mai ma'aunin iska inji ya riƙa rawa yana mutuwa, a mai sansar matsin manifol silo ya hau. Matatar iska a rufe ta ruf, ƙurar hunturu ba ta barin ma'aunin iska ya daɗe.

Taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, ba a saita shi da kunne. A tsofaffin Toyota, bayan inji ya yi zafi ana haɗa ramukan da aka rubuta wa TE1 da E1 a soket ɗin bincike, sannan a haska fitilar taimin: digiri 10 a 4A-FE, digiri 5 a 22R-E, kafin fistin ya kai can sama. Kafin tashin farko a ɗaura gejin matsi, a kunna famfo, a bi kowane mahaɗi da ido da hannu, abin kashe gobara a kusa. Bayan an kashe inji matsi ya tsaya na wasu mintuna. In ya zube nan take, nozul na ɗiga, ko regileta, ko bawul ɗin cikin famfo.