Masu yara a gasar rawar bibbiyu, ku duba shekarar haihuwa

Jama'a, in ɗanku ko 'yarku na shiga gasar rawar nan ta Turawa irinsu waltz da tango ƙarƙashin WDSF, wato hukumar gasar rawa ta duniya, kar ku biya kuɗin rajista sai kun yi wannan lissafin: ku cire shekarar haihuwa daga shekarar gasar, abin da ya rage shi ne shekarun da za a sa yaro a rukuni da su, shi kenan.

Su ba ruwansu da ranar haihuwa. Yaron da zai cika 14 a Disamba, tun Janairu ya bar rukunin Junior I na 'yan shekara 12 da 13 ya koma Junior II na 'yan 14 da 15, ko da kai a gida kana ganin har yanzu 13 yake. Kuma shekarun babban cikin masu rawar biyu ake dubawa, in abokin rawar ya girmi 'yarku da shekara ɗaya to yana iya jan ta zuwa rukuni na sama, kuɗin mota da otal duk a banza in an hana su hawa fili.

A rukunin manya na Senior kuwa dole kowa ya kai nasa shekarun, a Senior I ɗaya aƙalla 35 ɗaya aƙalla 30.

Amma fa a Ingila lissafin nan baya ci, can da ranar haihuwa suke aiki, ku karanta takardar gasar tukuna.