Ku daskarar da ruwan leda kafin ku kama hanya

Jama'a, in za ku fita yawon shaƙatawa a dogon hutun nan, kada ku sayi ƙanƙara. Ku zuba ruwan leda a firiza kwana biyu kafin tafiya, ya daskare kamar dutse.

Haka muka yi ni da aminina da za mu gandun namun daji na Yankari. Muka jera ledojin a ƙasan kula, muka ɗora fura da nono da kankana a kai.

Ƙanƙarar saye in ta narke jiƙa abinci take yi, ruwanta kuma hankali ba ya kwanciya da shi. Wannan kuwa yana cikin ledarsa, in ya narke ku sha abinku. Da muka fito daga ruwan Wikki mai ɗumi, ledar da na fasa har da sauran ƙanƙara a tsakiyarta.

Amma fa in wuta ba ta zauna ba, ya yi rabin daskarewa, kafin azahar ya saki. Yawan buɗe kula ma yana kashe sanyin.

Kuma don Allah ku kulle kular a mota. Gwaggon birin Yankari ya iya ɗaga murfi.