Yadda Ake Jan Miƙaƙƙen Layi a Kan Sabulu Kafin Sassaƙa

Mai koyon sassaƙa, ko ɗalibin zane-zane ne a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ko ɗan firamare, yakan fara da sabulu saboda laushinsa da arharsa, amma aikin ba zai daidaita ba matuƙar layukan da wuƙa za ta bi sun karkace tun farko.

A sayi sabon sabulun wanki mai kusurwa huɗu, irin wanda ake samu a kasuwar Sabon Gari. Wanda ya daɗe yana shan iskar hunturu ya riga ya bushe, da an kai masa tsini sai ya dare ko ya marmashe. A fara kankare tambarin kamfani da gefen wuƙa har fuskar ta shafe sumul, domin rula ba ta zama daram a kan tudu da kwari.

Fensir ba ya kama jikin sabulu, tawada kuma takan dame, saboda haka tsinken sakace ya fi dacewa. A auna da rula, a ɗiga alama biyu, ɗaya a kowane gefe, sannan a haɗa su. Sabulu yana da santsi, don haka a danne rular da yatsu uku, a ja tsinken a hankali sau biyu ko uku ba tare da dannawa ba, maimakon a yi rami mai zurfi a ja ɗaya.

Layin da zai zagaye sabulun kuwa, a ganina wata dabarar ta fi rula. A ajiye sabulun a kan tebur mai shafaffiyar fuska, a ɗora tsinken a kan littafin da kaurinsa ya kai tsayin da ake so, a riƙe shi gam yadda bakinsa zai ɗan leƙo, sannan a riƙa tura sabulun yana gogar tsinin, ana juya shi gefe bayan gefe. Tunda tsinken bai motsa ba, ƙarshen layin zai haɗu da farkonsa. In bai haɗu ba, to ƙasan sabulun ne bai daidaita ba, sai a sake kankare shi.

Wajen yanka, a bar tazarar kamar milimita 2 a bayan layin, wuƙa tana fuskantar gaba ba jikin mai aikin ba. Duk fuskar da aka sassaƙe takan tafi da layinta, saboda haka a share garin da busasshen burushi, a sake jan layin kafin a ci gaba.