Yadda na gyara batirin Prius ɗina da kaina a gida

Ranar da jan alamar nan mai kusurwa uku ta kama a dashbod ina kan hanyar Kwangila zuwa Samaru a Zariya, fankar baya tana ta ihu kamar injin markaɗe, wlh na ɗauka motar ta gama yawo. Wani mai wayarin da na kai ma wa ko buɗe but bai yi ba ya ce sai dai sabon batir, ya faɗi kuɗin da ya kusa rabin kuɗin motar. To ashe modul ɗaya ne kacal ya mutu, wato ɗaya daga cikin ƙananan batiran da aka jera a cikin babban batirin.

Prius ce ta 2007, irin wadda aka yi daga 2004 zuwa 2009, batirinta ƙananan modul 28 ne aka jera, kowane volt 7.2, jimilla 201.6. Ka riƙe wannan lambar da kyau don wutar nan tana kashe mutum, ba irin batirin Golf ba ne da za ka taɓa da sifana ya yi tartsatsi ka yi dariya. In ba ka da safar hannu ta roba ta masu aikin wuta mai ɗaukar volt 1000, ko ba ka iya karanta mita ba, don Allah bar shi ka kai ma wanda ya iya.

Kafin ka kwance komai nemi ɗan abin OBD2 mai bulutut, wanda ake jona wa mota ya karanto matsalarta, ka sa manhajar Dr. Prius a waya, in ka ga lambar matsala P0A80 to batir ne. Kwamfutar motar bibbiyu take auna modul ɗin, bulok 14 kenan, sai ka ja motar ka taka mai sosai kana kallo ko dai wani na riƙe maka wayar, bulok ɗin da volt ɗinsa ya fi na sauran faɗuwa shi ne ɓarawon.

Kashe mota, cire negatib ɗin ƙaramin batir irin na kowace mota, zare filogin nan ruwan lemo da ke jikin babban batir ka jefa aljihu, ka jira minti 10. Cire zobe da agogo. Ku biyu za ku ɗauko shi, yana da nauyi.

Da ka buɗe murfi, fara cire 'yan jan ƙarfen da suka haɗa modul da modul, da safarka a hannu, don sai an raba su ne wutar ke raguwa. Nawa duk sun yi kore shar da tsatsa, na jiƙa su a ruwan khal na goge da soson ƙarfe na shanya suka dawo fes. Sai ka sa ma kowane modul lamba da maka, 1 zuwa 28, ka auna ka rubuta a takarda. Kowane modul ɗakuna shida ne a ciki masu volt 1.2, shi ya sa wanda ɗaki ɗaya ya mutu za ka gan shi ƙasa da 'yan uwansa da wajen 1.2. Amma fa akwai munafukai, a zaune lafiya lau, sai an ɗora masu kaya su zube. Ni kwan fitilar mota mai wat 55 na jona ma kowanne na minti biyu ina kallon mita, na 15 ne ya tona ma kansa asiri, kuma dama na tsakiya sun fi shan zafi, shi ya sa wajen mayarwa na dawo da na gefe tsakiya.

Wanda za ka sa a madadi na hannu ne dole, Panteka a Kaduna ko Kofar Ruwa a Kano za ka tambaya, ka tafi da mitarka da kwan fitilarka kar ka yarda da "wallahi mai kyau ne oga". Kuma sai ƙarfinsa ya zo kusa da na sauran, in ba haka ba alamar za ta dawo.

Kuskuren da na yi, na yi cajin modul ɗaya a waje ba a matse ba, kafin in idar da sallar la'asar ya kumbura kamar burodi, asara. A cikin maƙalarsu ake cajinsu a ɗaure, ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar caja mai karɓar NiMH, wato irin batirin nan, har su daidaita. Notocin kuma kar ka murɗe da ƙarfin tuwo, wajen Nm 5.4 ne a sifana mai auna ƙarfin ɗauri, bakin yana karyewa.

Abin da ke cinye batiran nan a garin nan zafin watan Maris da Afrilu ne da ƙurar hunturu. Fankar da ke hura masa iska na buɗe na samu ƙura ta yi dam har da ɓawon gyaɗa da yara suka cusa ta ramin gefen kujerar baya, goge ta da tsohon buroshin haƙori, kuma a daina jingina jaka a ramin.

Wajen mayar da filogin lemo sai ka tura hannunsa ƙasa ya kulle, in ba haka ba motar ba za ta nuna READY ba ka zauna kana zufa a banza kamar ni. Sauran 27 ɗin dai tsofaffi ne, wani na iya biyo baya, shi ya sa takardar awon tana nan a aljihun ƙofar direba.