Yadda Ake Mayar da GoPro Kyamarar Gaban Mota, da Inda Dashkam Ta Fi Ta

Mai ƙaramar kyamarar bidiyo irin GoPro ko DJI Osmo Action a ajiye yakan ga ba shi da dalilin sake sayen kyamarar mota, wadda ake kira dashkam, tunda tasa tana ɗaukar 4K har da abin da ya fi haka. Tana iya yin aikin, amma ba don shi aka ƙera ta ba. An yi ta ne don ɗaukar gajeren bidiyo a fili, iska na kaɗa ta, ita kuwa dashkam an yi ta don ta wuni manne da gilashi cikin rana ba wanda ya taɓa ta. Duk saitin da ke ƙasa dabara ce ta toshe wannan giɓin.

Fara da wuta. Batirin kyamarar ba ya daɗewa yana ɗauka, don haka dole ta sha daga mota. Nemi caja mai shiga ramin kunna sigari wadda ke ba da bolt 5 da amfiya 2 zuwa 3, da wayar USB-C mai kauri, doguwa kamar mita 3, don ka bi da ita ta gefen rufi ka gangaro ta jikin ƙofa. Caja mai araha da siririyar waya su ne ke sa kyamara ta riƙa mutuwa tana tashi. Daga nan ka cire batirin gaba ɗaya. GoPro tana aiki da wutar USB kaɗai, kuma batirin da ake caja ana ɗauka a lokaci guda shi ne babban abin da ke ƙara mata zafi. A bar murfin gefen a buɗe, ko a sa murfi mai ramin waya.

Cire batir yana da tasa illar: da zarar ka kashe mota wuta ta yanke, kyamarar za ta mutu nan take, fayil ɗin ƙarshe kuma yana iya lalacewa. Ka danna maɓallin tsayawa kafin ka murɗa makulli. Dashkam mai kyau tana da wata 'yar ma'ajiyar wuta, kafasita, da ke riƙe ta daƙiƙu kaɗan har ta rufe fayil. A hatsarin da ya katse wutar mota, wannan fayil ɗin na ƙarshe shi ne shaidar da ake nema.

Mataki na biyu shi ne saitin hoto, kuma nan ne masu son 4K ke cutar kansu. Bidiyon da ke cin megabit 100 a daƙiƙa yana cinye kusan gigabait 45 a awa, wato katin ajiya mai gigabait 128 ba ya kai awa uku. Dashkam mai 1080p da ke cin megabit 20 gigabait 9 kawai take ci a awa. Sauko da GoPro ɗinka zuwa 2.7K ko 1080p. A wurin Anti-Flicker zaɓi 50Hz, domin shi ne lantarkin Najeriya da Nijar, in ba haka ba fitilun titi da na gidajen mai za su riƙa ƙyaftawa a bidiyon dare. Wannan zai ba ka zaɓin hoto 25 ko 50 a daƙiƙa. Hamsin ya fi kama lambar motar da ke tahowa da gudu, 25 kuma ya fi sauƙin zafi. Kashe HyperSmooth, wato saitin hana hoto rawa, tunda jikin mota ya riga ya riƙe kyamarar, kashe Wi-Fi da umarnin murya, sa fuskokinta su mutu bayan minti ɗaya. A saitin ruwan tabarau zaɓi Linear. SuperView yana faɗaɗa gefe amma yana ƙanƙantar da motar da ke gabanka, sai lambarta ta ƙi karantuwa.

Na uku, kunna Looping, wato ɗauka mai goge tsohon bidiyo ta ɗora sabo. GoPro tana ba da minti 5, 20, 60 ko 120. Ashirin ya ishi zirga-zirgar gari, 120 ya dace da doguwar hanya irin ta Kano zuwa Kaduna. Abin lura biyu ne. Ba ta da na'urar jin karo da ke kulle fayil da kanta kamar dashkam, saboda haka in abu ya faru sai ka tsayar da ɗauka da hannunka kafin zagayen ya cinye shi. Sannan duk lokacin da ka tsayar ka sake kunnawa, sabon zagaye take farawa ta bar tsohon a kati, a hankali katin ya cika. Ka riƙa kwashe abin da kake so kana goge katin daga cikin kyamarar duk mako. Katin ya zama mai alamar V30, wadda ke nuna saurinsa, kuma irin mai jure rubutu, kamar SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance.

Tashi da kanta idan an kunna mota ba ya cikin saitinta na asali. Akwai manhajar GoPro Labs da kamfanin ke bayarwa kyauta, wadda ake ɗora wa kyamara a saita ta da lambar QR ta fara ɗauka in wutar USB ta shigo. Wanda bai iya wannan ba, sai ya riƙa tunawa kullum, kuma ranar da aka manta ita ce ranar da ake buƙata.

Wajen mannawa, goge gilashin da sifirit ya bushe, ka sa kyamarar bayan madubin tsakiya, a inda waifa ke sharewa. Kwatanta ta yadda bakin bonet zai ɗan fito a ƙasan hoton, sama kuma kada ta wuce rabi, don hasken rana kada ya duhunta titi. Roba mai tsotsar gilashi tana saki in rana ta gasa ta, mai gam ɗin 3M ta fi riƙo. Lokacin hunturu a yawaita share gilashi, domin ƙura da fitilar motar da ke tahowa sun isa su ɓata kowane irin hoto.

Zafi shi ne babban abokin gaba. GoPro ta ce kyamarorinta an yi su ne don yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura 40 a inuwa, balle bayan gilashin motar da aka faka a rana. In ta yi zafi takan kashe kanta ba sallama. Juya mata bakin iyakwandishan ɗaya, kuma kada ka bar ta a gilashi idan ka fita, don zafi da kuma ɓarayi, waɗanda sun san kuɗinta.

Ke nan gadin mota a faka ba aikinta ba ne. Dashkam irin su Viofo, 70mai ko Garmin ana haɗa su da akwatin fiyus ta hannun mai wayarin, da wayar da ke yanke wuta in batirin mota ya sauko wajen bolt 12, sai su ci gaba da sa ido mota na kashe. Suna kuma buga kwanan wata da lokaci a jikin bidiyo, masu GPS har da gudun mota. GoPro ba ta buga wannan a saitinta na asali, HERO12 ma ba ta da GPS sam. In za ka yi amfani da ita, daidaita agogonta da wayarka kafin kowace tafiya.

A kan babur kam GoPro ce gaba: ruwa ba ya shiga ta, tana jure girgiza, iskar hanya kuma na sanyaya ta. A nan sai a mayar da batir, a rufe murfin ruf saboda damina, a kunna HyperSmooth, a ɗaura ta a hular kwano ko a ƙirji maimakon kan babur, inda jijjigar inji ke sa hoto rawa.