Gudun fanfalaki a manyan birane: kurakuran da ke kayar da mutane da yadda za ka kauce musu

Da mutum ya gama kilomita 21 ɗinsa na farko sai ka ji ya fara zancen New York ko Boston, wai can zai je ya yi cikakken 42 ɗin. To ba laifi, amma gaskiya wasu daga cikin manyan sunayen nan su ne mafi muni ga sabon shiga, kuma ba wai masu shiryawa ba su iya ba ne, a'a, mutane ne ke zaɓen gari saboda suna ba su duba abin da ke jiransu a kan kwalta ba. Kilomita 42 da mita 195 ne a ko'ina, amma wallahi wahalar ba ɗaya ba ce.

Babban kuskure shi ne raina yanayi. Shikago gari ne shimfiɗaɗɗe ba hawa ba gangara, a nan ɗan tseren Kenya Kelvin Kiptum ya gama cikin awa 2 da daƙiƙa 35 kacal a 2023, amma a wannan hanyar dai a Oktoban 2007 zafi ya kai digiri 31, na baya suka riƙa isowa teburin ruwa suna tarar da wayam, mutane suna zubewa, mutum ɗaya ya rasu, dole aka tsayar da tseren ana tsaka da shi. Landan a 2018 digiri 24 ne kawai aka yi ta kuka. Na san wani zai ce haba, 24 ai sanyi ne. Sanyi ne in kana zaune a inuwa malam, amma jikin da ke gudu na awa huɗu shi kansa wuta yake haɗawa, shi ya sa masu gudun suka fi son wajen digiri 10. Boston kuwa ba ta da alƙibla sam, a 2012 zafi ya haura 30, a 2018 kuma ruwan sama mai sanyin tsiya da iska tana dukan ƙirji tun daga farko har ƙarshe, manyan 'yan tsere da dama suka ajiye, Yuki Kawauchi na Japan ya ci da awa 2 da minti 15, lokacin da a shekara mai kyau ko kusa da kambu ba zai kai mutum ba.

Gyaran ba wuya. Kafin ka biya kuɗin rajista duba yanayin wannan ranar a shekaru goma da suka wuce, ba na bara kaɗai ba. Ka tafi da kaya iri biyu, na zafi da na ruwa. In gari ya waye da zafi ka manta da lokacin da ka ɗaukar wa kanka alkawari, rage gudu tun kilomitar farko, kar ka jira sai jiri ya fara ɗibarka. Singafo kuma ba ma zancen sa'a ba ne, kullum cikin laima take, gumi ya fito ya ƙi bushewa jiki ya kasa hucewa, ko da asuba aka tashi. In can ka nufa sai ka yi kamar sati biyu kana tirenin cikin zafi jiki ya saba. Tseren Bejin na 2014 kuwa da takunkumi wasu suka yi gudu saboda gurɓatacciyar iska, irin wannan ranar mai asma ya haƙura kawai.

Sai zancen tudu, nan ne na fi so a tsaya. Kowa ya ji labarin Heartbreak Hill a Boston, sai ya tafi yana tsoronsa, alhali hawan bai wuce mita 27 ba a tsawon kamar mita 600. Ba shi ke kashe mutane ba. Abin da ke kashe su gangarar farko ce, daga Hopkinton inda ake tashi hanya na sauka ƙafa na tafiya da kanta, ga ihun jama'a ga zumuɗi, kana duba agogo kana murna kana cewa yau ranata ce, ashe kowane taku na gangara yana yagar naman cinyarka a hankali. Sai an zo wajen kilomita 26 tuddan Newton guda huɗu su fara ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen, wato Heartbreak Hill ɗin, ya same ka bayan kilomita 32 lokacin da cinya ta zama itace, ka ga ƙato ya kama gwiwa yana ɗingishi a gefen titi. Maganin shi ne ka saka gudun gangara a tirenin ɗinka, ba hawa kaɗai ba, kuma kilomita 10 na farko ka danne zuciyarka ka bar su su wuce ka, za ku haɗu a gaba. Ita Boston ma ba a shigarta haka kawai, sai ka kawo shaidar lokacin da ka yi a wani tseren, ko ka bi ta ƙungiyar agaji ka tara musu kuɗi masu kauri.

New York tarkonta gadoji ne, guda biyar. Tun tashi hawa ake yi a kan Verrazzano, sannan a kilomita 25 ga Queensboro, doguwa, ba 'yan kallo, ba abin da kake ji sai takun takalma da hakin mutane. Kana sauka First Avenue sai ihu ya tare ka kamar an buɗe dam, nan da yawa ke ƙara wuta suna mantawa saura kusan kilomita 16, da wani hawa mai naci a Fifth Avenue kafin a shiga Central Park. Birnin Meziko kuma tudun a iska yake, mita 2,240 sama da teku, numfashi ba ya isa, wanda ya sauka jiya ya ce zai yi gudun da ya saba yau zai gane kurensa.

Akwai wahalar da ba a faɗa wa mutum, ta kafin a tashi. A New York tun da duhu za ka fito, ka hau jirgin ruwa ko bas zuwa Staten Island inda ake tashi, ka zauna a ƙasa cikin sanyin Nuwamba awa biyu uku kana jiran rukuninku, na ƙarshe sai bayan sha ɗaya suke tashi. Wanda ya karya kumallo ƙarfe biyar yunwa ta gama da shi kafin a busa. Tafi da guzuri, ka sa tsohuwar rigar sanyi wadda za ka yar a wurin, dama tattarawa suke su bayar sadaka. Layin banɗaki kuma ka shiga da wuri.

Cunkoso ma wani abu ne. Mutum sama da 50,000 a titi ɗaya, kana ratse nan kana ratse can don ka wuce wani, a ƙarshe agogonka ya ce 42 sun cika amma ko alamar wurin gamawa ba ka hango ba. Dogayen benaye kuma na rikita GPS, musamman farkon Shikago da Canary Wharf a Landan. Bi allunan kilomita na hanya kana danna agogo da hannu, in akwai shuɗin layi a kwalta kamar na Balin ka manne masa, shi ne hanya mafi gajarta.

Ruwa: kar ka ce don ana zafi duk tebur sai ka kwankwaɗa. Binciken da aka yi kan 'yan tseren Boston na 2002 ya nuna kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada gishirin jininsu ya yi ƙasa, akasari saboda yawan shan ruwa, kuma abin na kisa. Sha daidai ƙishi. Sabon takalmi da sabon jel ɗin ƙarin kuzari da ka saya jiya, ajiye su.

Masu tafiya a hankali ku yi hattara da Tokiyo. Awa 7 aka bayar, amma akwai shingaye a hanya kowanne da lokacinsa, kuma lissafin daga ƙarar bindiga ne, ba daga sanda kai ka taka layin farawa ba, in kana can baya ka yi asarar mintuna masu yawa kafin ka fara, ka makara a shinge ɗaya a sa ka a bas. Lissafa saurinka da lokacin kowane shinge tun a gida.

Kuɗi kuma kar ka yi gaggawa. Na Landan na 2025 mutum sama da 840,000 suka shiga ƙuri'ar neman gurbin shiga tseren, waɗanda suka gama tseren wajen 56,000 ne, don haka kar ka kama otal sai sunanka ya fito. In ya fito ma nemi tikiti da ɗakin da ake iya fasawa, a 2012 saura kwana biyu aka soke na New York saboda guguwar Sandy, bayan dubban baƙi sun riga sun sauka a garin.